Malamin Da Ba Ya Cewa "Ban Sani Ba"

An ruwaito cewa an taɓa yi wa Imamu Malik, Allah ya yi masa rahama, tambayoyi 48, ya amsa 32 daga cikinsu da cewa bai sani ba. Wannan kuwa shi ne malamin Madina, mai littafin Muwaɗɗa, wanda mutane ke niƙo gari tun daga Andalus domin su durƙusa gabansa.

To, yau ga wani sabon malami ya shigo gari, yana zaune cikin wayar salula. Tun da aka fito da ChatGPT a watan Nuwamba na shekarar 2022, ɗalibi na iya rubuta mas'alar gado ko ta tsarki da tsakar dare, kafin ya kurɓi ruwa amsa ta fito. Akwai kuma manhajoji irin su Tarteel, masu sauraren karatun Alƙur'ani su nuna wa mai hadda inda ya ɓata. Lalle a cikin wannan akwai alheri, musamman ga matar aure da ke cikin gida da ɗan kasuwan da rumfa ta tsare. Dā ma da rediyo da kaset suka ɗauki tafsiri, ai ilmi bai ragu ba.

Amma fa kaset muryar wani malami sananne ya ɗauka, wanda in ya yi kuskure ana iya zuwa zaurensa a tambaye shi. Ita kuwa wannan na'ura ba ta da malamin da ya ba ta ijaza. Kalmomi take harhaɗawa bisa ga abin da ta tsinta cikin tarin rubuce-rubuce, har takan ƙaga hadisi ta jingina shi ga Buhari ko Muslim, cikin lafazi mai daɗi, ba ko inda-inda. Da wuya ta yi shiru, alhali kuwa shirun malami wani darasi ne.

In mutum ya raba gadon marayu da irin wannan amsa, aka tauye haƙƙin wani, wa za a tuhuma ranar gobe? Na'ura dai ba mukallafa ba ce, ba ta da niyya, ba ta tsoron hisabi. Ashe ke nan nauyin duka ya koma wuyan wanda ya tambaye ta ya yi aiki bai bincika ba, da kuma malamin makarantar da ya kwafo amsar ya karantar da yara.

Ko a karatu ma sai an lura. Yaron da ya tashi a makarantar allo da ruwayar Warshu, in ya karanta wa manhajar da aka tsara bisa ruwayar Hafsu, tana iya kuskurantar da shi inda ya yi daidai, shi kuwa ya koma gida yana zaton alarammansa ne bai iya ba.