Da Kuɗina Na Saya: Laurence Graff da Shuɗin Dutsen Bavariya

Akwai maganar da muke yi idan gardama ta ƙi ƙarewa: "Ai da kuɗina na saya." Ana faɗinta kowa sai ya kama bakinsa. Ni ma na daɗe ina faɗinta, ina ganin ta isa hujja, har sai da na bi labarin abin da Laurence Graff ya yi da wani shuɗin daiman da ya saya a Landan a 2008. Tun daga lokacin take yi mini nauyi a baki.

Graff ba ɗan gata ba ne. An haife shi a 1938 a Stepney, gabashin Landan, unguwar talakawa da 'yan ci-rani. Iyayensa Yahudawa ne, mahaifinsa tela. Yana ɗan shekara 15 ya bar makaranta ya shiga koyon aiki a Hatton Garden, layin maƙeran zinari da dillalan duwatsu masu daraja. Da shara da goge-goge ya fara, daga nan ya koma gyaran tsofaffin zobba. Shi da bakinsa yake ba da labarin yadda ya sami ƙananan daiman 33 a kan fam 60, maimakon ya raba su zobe-zobe kamar yadda aka saba, sai ya tara su duka a zobe ɗaya don su haɗu su yi walƙiya. Ya kafa kamfaninsa a 1960, ya yi ta yawo da kaya a jaka zuwa ƙasashen Asiya, har sarakuna da attajiran duniya suka zama masu cinikinsa. A 2013 Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta OBE. Ba ni da abin cewa a kan wannan tafiya sai yabo. Yaron da ya share shago ya zama mai gida da guminsa, kuma ko maƙiyinsa bai taɓa cewa bai san dutse ba.

Dutsen da nake magana a kansa daga Indiya ya fito, kamar sauran manyan daiman na zamanin dā. Shuɗinsa daga wani ɗan sinadari ne mai suna boron da ya shiga jikinsa tun yana ƙarƙashin ƙasa. Nauyinsa karat 35.56, wato giram 7 da ɗan ɗoriya, domin karat 5 ne giram ɗaya. A 1722 ya shiga gidan sarautar Wittelsbach ta Bavariya cikin kayan auren gimbiya Maria Amalia ta Ostiriya, daga nan ya sami sunansa. Da Bavariya ta zama masarauta mai sarki a 1806, aka ɗora shi a ƙololuwar kambin sarkin. Sarautar ta faɗi a 1918, aka ga dutsen a jana'izar sarki na ƙarshe, Ludwig na Uku, a 1921, aka kai shi gwanjo Landan a 1931 bai sayu ba, daga nan ya ɓace wa idon jama'a. Kambin yana nan a birnin Munich har yau, gilashi shuɗi ne a gurbin dutsen.

Shekaru ɗaruruwa ana cire shi daga wannan mazauni ana dasa shi a wancan, dole gefensa ya ɓantare nan da can. Kuma yankan da aka yi masa na mutanen dā ne, waɗanda suka yi aiki da hannu da hasken kyandir, shi ya sa ba ya tartsatsin haske irin na daiman ɗin zamani.

A farkon shekarun 1960 aka kai wa wani dillali a Antwerp ta Beljiyam, Joseph Komkommer, wani shuɗin dutse aka ce ya sake yanka shi. Da ya duba sai ya gane ko wane ne a hannunsa. Ya ƙi. Bai tsaya a ƙin ba, ya tara abokan sana'a suka haɗa kuɗi suka saye shi, don kada a kai wa wani ya yanka.

Ranar 10 ga Disamba 2008 dutsen ya sake fitowa gwanjo a Christie's ta Landan, Graff ya saye shi fam miliyan 16.4. Ya ba ƙwararrun masu yanka aiki, suka feƙe gefen, suka goge tabon, nauyi ya sauko zuwa karat 31.06. Shuɗin da a da yake da sirkin ruwan toka ya fito tas, masu auna daraja suka ce cikinsa ba aibi. Ya kuma ƙara masa suna, ya zama Wittelsbach-Graff. A 2010 aka baje shi a gidan tarihi na Smithsonian a Washinton kusa da wani shuɗin daiman mai suna Hope. Masana tarihi a Jamus suka yi ca. Shugaban gidan tarihin Jamus da ke Berlin a lokacin, Hans Ottomeyer, ya kwatanta abin da mutum ya sayi zanen shahararren mai zane Rembrandt ya sake shafe shi da fenti. Graff kuwa matsayinsa shi ne ya cire aibi, ya fito da kyan da yake ɓoye.

To wa ke da gaskiya?

Bari in fara ba Graff haƙƙinsa, don yana da shi da yawa. Da za a kai ƙararsa gaban alƙali, ko na Ingila ko namu, babu abin da za a kama shi da shi. Ya saya a bainar jama'a, ya biya, kaya ya zama nasa. Ba za a ce ya yi almubazzaranci ba, tunda darajar dutsen ƙaruwa ta yi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na taɓa kawo zancen gaban wani malamina, ya ce: "Dutse ne fa, ɗana. Kada ka mai da shi abin da ba shi ba." Na fahimci abin da yake tsoro. Addininmu yana ɗari-ɗari da girmama abu don wani babba ya taɓa shi, kuma kan sarkin Bavariya bai tsarkake komai ba. Sannan wane daiman ne ba a yanka ba? Shi kansa Wittelsbach wani ne ya fara yanka shi daga ɗanyen dutse. Daiman ɗin da ake kira Koh-i-Noor ma an sake yanka shi a Landan a 1852, ya sauko daga karat 186 zuwa kusan 105.

Duk na yarda. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya, kuma na san dalili.

Kakata tana da munduwar azurfa mai kauri, aikin maƙeran fari na dā. Tana da lotsawa a gefe ɗaya, inda ta sha buguwa da bakin turmi. Bayan rasuwarta ta faɗo a rabon mahaifiyata. Da auren ƙanwata ya matso, ni na kawo shawarar a narka ta a yi mata zobba da 'yan kunne na yayi, domin wa zai sa wannan tsohon abu yanzu? Inna ta ce to. Na kai wa wani tsohon maƙeri, ya juya ta a hannunsa ya ce: "Malam, a narka?" Na ce a narka. Ya sake tambaya, na sake ba shi amsa. Zobban sun yi kyau ƙwarai, kuma ko ƙwayar azurfa ba a cuce mu ba. Sai bayan shekaru, wata rana Inna tana ba jikokinta labarin yadda uwarta take daka, ta kai hannu ta shafa wuyan hannunta, ta yi shiru. Ba ta ce mini komai ba, har ta bar duniya ba ta ce ba. A ranar na gane cewa azurfar ce kawai ta faɗo a rabonmu. Lotsawar ta kakata ce, kuma ta yaran nan ce da ba su taɓa ganinta ba.

Wannan ne abin da "da kuɗina na saya" ba ta iya gani. Mu da muke cewa dukiya ta Allah ce, mu masu riƙo ne, mun fi tuna maganar a wajen zakka da sadaka, wato haƙƙin talakan da yake raye tare da mu. Ba mu cika tuna cewa riƙo yana da baya yana da gaba ba. Akwai kayan da aka yi don su ƙare a hannunka, kamar hatsi da tufafi. Akwai kuma waɗanda suka girme ka, za su kuma ga bayanka: rijiyar unguwa, tsohuwar kuka, littafin da kakan kakanka ya kwafa da hannu. Irin waɗannan ko takardar saye tana aljihunka, kwana kawai suka yi a gidanka. Idan ka yi musu abin da ba ya warwaruwa, ka yanke hukunci a madadin mutanen da ba a haifa ba, ba ka kuwa shawarce su ba.

Shi ya sa ban ga laifin Graff ba a kan Lesedi La Rona, ɗanyen daiman mai karat 1,109 da aka haƙo a Botswana a 2015. Ya saye shi dala miliyan 53 a 2017, ya fitar da babban dutse mai karat 302.37 da wasu ƙanana 66 daga cikinsa. Wannan dutse bai taɓa hawa wuyan kowa ba, babu hannun wani maƙeri a jikinsa. Yanka shi fara labari ne, kuma nan ne gwanintar mutumin ta fi fitowa. Wittelsbach kuwa labarinsa ya riga ya yi nisa, aikin wani mai yanka na ƙarni na 17 ne da ba mu san sunansa ba, kuma yanzu babu mai sake ganin aikin nan yadda ya bar shi.

Ina jin na fahimci abin da ya ja shi. Wanda ya tashi yana gyaran zobba, idan ya ga ɓantarewa aiki yake gani yana jiransa. Idon da ya fitar da shi daga Stepney shi ne bai bar shi ya ƙyale tabon ba. Ba mugunta ba ce, ni ma ba da mugunta na ce a narka ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne sunan. Gidan da ya riƙe dutsen shekara 200 da wanda ya riƙe shi 'yan shekaru sun zauna kafaɗa da kafaɗa a suna ɗaya.

Abin da aka goge daga jikin dutsen karat 4.5 ne, bai kai giram ɗaya ba, ya bi ƙura a ɗakin aiki. Halal ne Graff ya yi, ban taɓa shakka ba. Amma bai kyauta ba, kuma tsakaninsa da Komkommer, wanda aka kawo wa aiki da lada ya mayar, Komkommer ne ya san abin da ke hannunsa.