Bashin da Ke Kan Mai Neman Shawara

A Nijeriya muna da ƙananan hukumomi 774, kuma 44 daga cikinsu a Jihar Kano suke. Babban dalilin da aka bayar lokacin gyaran 1976, wanda ya rufe babin En'e, shi ne a matso da gwamnati kusa da jama'a. Ta fuskar tazara kam an matso, domin da yawanmu kan isa sakatariya a kan babur kafin rana ta yi zafi. Sai dai mutum kan zauna kusa da kai shekara da shekaru bai taɓa jin abin da ke damunka ba.

Ayyukan da kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma su ne waɗanda muke gogayya da su kullum: kasuwa, tashar mota, mahauta, maƙabarta, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu a harkar makarantar firamare da ta lafiya. A irin waɗannan ayyuka, mazaunin unguwa ya san abin da babu shi a takardar injiniya. Shi ya san lungun da ruwa ke kwanciya da damina, da rijiyar da ke ƙafewa da bazara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To yaya ake tambayar mai ɗakin? Mun san fasalin taron da ake kira na masu ruwa da tsaki. A kafa rumfa, a jera kujeru, hakimi da dagatai da manyan jam'iyya a sahun gaba. A sha jawabai da kirari har la'asar ta gabato, sannan a ce ko akwai mai tambaya, amma a taƙaita saboda lokaci. A raba lemo da kuɗin mota, kafin magariba hotuna sun hau Facebook da bayanin cewa an tuntuɓi al'umma. Sau da yawa kuwa an riga an zaɓi wurin aikin, har ɗan kwangila ya karɓi kafin alƙalami.

A ganinmu irin wannan taro ya fi rashin tambayar muni. Shugaban da ya yi gaban kansa ya gina rumfunan kasuwa a inda ba mai zuwa, shi kaɗai zai ɗauki nauyin kuskurensa. Wanda ya yanke hukunci sannan ya tara mu, aron sunanmu ya yi ya lulluɓe abin da ya ga dama. Ranar da rumfunan suka zama makwancin awaki, amsarsa a shirye take: ai da ku aka yi. Ya cinye mana wuni guda, ya kuma raba laifin da mu. Ɓarnar da ta fi wannan ita ce, duk wanda aka yi wa haka sau biyu ba zai sake zuwa ba, ko da kiran na gaba na gaskiya ne.

Wani zai ce ai shugaba zaɓarsa aka yi don ya yanke hukunci, kuma ba zai yiwu ya bi bakin kowa ba. Wannan gaskiya ne. Idan unguwa goma kowacce na son rijiyar burtsatse, kuɗin kuma na biyu ne, dole wani ya zaɓa, dole kuma takwas su ji ba daɗi. Ba mu ce duk abin da aka faɗa a taro sai an aikata ba. Abin da muke cewa shi ne wanda ya nemi shawararka ya ci bashinka, kuma bashin kashi uku ne. Ya tambaye ka tun ƙofa na buɗe, lokacin da maganarka za ta iya sauya wani abu. Ya faɗa maka gaskiyar abin da ke hannu, don kada ka nemi asibiti alhali kuɗin gyaran kwalbati ne. Sannan ya dawo ya gaya maka abin da aka yanke da dalilinsa. Talaka na iya haɗiye "a'a" idan ta zo da hujja. Abin da ke cin ransa shi ne ya yi magana ta bi iska.

Akwai kuma batun waɗanda ake tambaya. Aka ce shawara ɗaukar ɗaki, kuma jinka ba ta tashi idan gefe ɗaya kaɗai aka kama. Maganar ruwa ta fi shafar matar da ke girki da wanki da yaran da ke bin layin famfo, amma da wuya ka gan su a ƙarƙashin rumfar. Haka makiyayin da ke ruga, da gurgun da matattakalar sakatariya ta fi ƙarfin kekensa. Waɗanda suka zo ma, tarbiyyarmu ba ta bar saurayi ya musa wa dagaci a bainar jama'a ba. Zai sunkuyar da kai, a rubuta cewa kowa ya amince. Wanda ya san mutanenmu, ya kuma ɗauki wannan shirun a matsayin yarda, ya san abin da yake yi. Mai son ji da gaske zai bi mutane inda bakinsu ke buɗewa: asibiti ranar awo, Islamiyyar matan aure, majalisar matasa, kasuwa ranar cinta. Don haka ne ma aka yi kansila. A Kano kaɗai akwai mazaɓu 484, kuma da kowane kansila zai zauna da mutanensa sau ɗaya a wata, da ba a buƙaci rumfa da maroƙa ba.

Maganar ta ƙara nauyi tun ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta wa gwamnoni rushe zaɓaɓɓun majalisu su naɗa kantomomi. Shekaru da dama ciyamomi na fakewa da asusun haɗin gwiwa, suna cewa hannunsu a ɗaure yake. Ko da an aiwatar da hukuncin har ƙarshensa, kotu kuɗi kawai za ta iya karkatowa, ba za ta iya sa ciyaman ya saurari mai sayar da ƙosai ba. Idan kuɗin ya sauko amma ɗabi'ar yanke hukunci a ɗaki ba ta sauya ba, ɗakin ne kawai ya matso kusa da gidajenmu, kuma har yanzu a kulle yake.

Jama'a ma da nasu kason. Wanda aka miƙa wa lasifika a madadin unguwa ya ɓuge da roƙon kuɗin suna ko buhun shinkafa, ya sayar da damar mutum dubu a kan araha. Idan aka kira mu, mu je, mu kuma tafi da tambayoyin da ba sa buƙatar digiri: nawa aka ware, wa ya zaɓi wurin, wa aka ba aikin, kuma wace rana za a dawo mana da bayani? Mu rubuta ranar, mu ajiye. Idan ta zo ba a ga kowa ba, mu aika wa kansila cewa muna jira.