Hoton fitowar rana a lokacin ɗari: tafakkuri ne ko shagala?

A watan Janairu rana ba ta fitowa a Illela da Birnin Ƙonni sai ƙarfe 7 ya gota. Idan ta fito ma, ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi takan rage mata kaifi, ta tsaya fara sol kamar faifai a bayan itatuwan gawo, har ido ya iya ganin kewayenta. Samari sun fara fita da sanyin safiya, rawani a fuska, waya a hannu, domin ɗaukar hotonta, wasu dattawa kuwa na ganin abin shirme ne, ko ma saɓo. Ra'ayina shi ne halal ne, kuma yana iya zama tafakkuri, muddin sallar asuba ce ta tashe su daga barci.

Zancen haramcin hoto ba ya hawa nan. Saɓanin malamai a kan surar mai rai yake. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya tambayi Ibn Abbas, Allah ya yarda da shi, sai ya umarce shi ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Rana da tudu da lambun albasa na Galmi duk suna cikin wannan rangwame.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta kama da masu bautar rana. Ba a banza aka hana nafila a daidai ɓullowarta ba, kuma duk yaron da ya karanta Ahalari ya san ba a yin ta bayan asuba sai rana ta ɗaga. To amma me aka hana? Sujada aka hana, don kada ta yi kama da ta masu yi wa rana. Duban kuwa Alƙur'ani da kansa ya yi kira gare shi. A Suratul An'am, Annabi Ibrahim, alaihis salam, ya dubi tauraro da wata da rana, faɗuwarsu ta zame masa hujja a kan mutanensa cewa abin da ke ɓacewa bai cancanci bauta ba. Ranar hunturu ma ta fi kowace saurin koyar da wannan, domin wadda ke gasa mutane a watan Afrilu ita ce yau ƙura ta dushe ta. Mai jiran haske a bakin rafin Maggiya, yatsunsa sun ƙage don sanyi, ba shi da ikon gaggauta fitowarta ko da minti ɗaya, kuma ya san haka a jikinsa.

Wani zai ce zama a masallaci ana zikiri har rana ta fito ya fi, tunda haka Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yake yi. Gaskiya ne, ya fi. Sai dai fifikon wani aiki ba ya mayar da waninsa zunubi, in ba haka ba da mun zargi mai ban ruwa da ke sammako zuwa lambu da direban da ke kama hanyar Tawa tun duhu.

Inda nake jin tsoro shi ne zuciya. Akwai wanda kiran salla ba ya motsa shi daga bargo, amma agogon waya ya tashe shi saboda hoton da zai sa a Facebook. Wannan bai dubi rana ba, yabon mutane yake hange ta cikin gilashin wayarsa, kuma da ya latsa sai ya sunkuyar da kai yana ƙirga masu yabawa. Saboda haka, ɗan'uwa mai son hoto, ka fara da jam'in asuba, ka yi azkar ɗinka a hanya, in ka ɗauka kuma ka sa wayar a aljihu ka ci gaba da kallo har lokacin walaha ya shiga.