Bayan Mun Faɗi, Da Wane Ido Za Mu Dubi Kanmu?

Babu ɗayanmu da bai taɓa faɗuwa ba. A cikinmu akwai ɗalibin da ya faɗi jarrabawa bayan iyayensa sun sayar da akuya sun biya masa kuɗin. Akwai ɗan kasuwar da jarinsa ya karye, da uwar da ɗanta ya lalace tana ɗora wa kanta laifi, da magidancin da ya yi wa Allah alkawarin barin sha, kafin mako biyu ya koma gidan burkutu. Da wane ido ya kamata irin waɗannan, da mu kanmu, mu dubi kanmu?

Linjila ta nuna mana almajirai biyu da suka faɗi a dare ɗaya. Yahuza ya ba da Ubangijinsa a kan kuɗin azurfa 30. Bitrus kuwa ya yi musunsa sau uku a farfajiyar babban firist, yana jin ɗumin wutar gawayi. Dukansu sun yi nadama: Yahuza ya mayar da kuɗin, ya amsa laifinsa da bakinsa, Bitrus ya fita ya yi kuka mai zafi. Sai dai Yahuza ya naɗa kansa alƙalin kansa, ya yanke hukunci, ya rataye kansa. Ƙarshensa yana hannun Allah shi kaɗai. Bitrus ya ɗauki kunyarsa ya koma cikin 'yan'uwansa, ya bar wa Ubangiji hukuncin.

Mu duba hukuncin a sura ta 21 ta Bisharar Yohanna. A bakin Tekun Tibariya, gefen wata wutar gawayi, Yesu ya fara ciyar da Bitrus. Sa'an nan ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, daidai da yawan musunsa, ya kuma danƙa masa kiwon tumakinsa. Bai ɓoye laifin ba, bai kuma ƙwace masa aikin ba. In Ubangijin da aka yi wa laifi ya yi haka, ina muka sami ikon yi wa kanmu abin da shi bai yi mana ba?

Wani zai ce, ashe tausaya wa kai ba zai kai mu ga sakaci ba? Waliyyi Faransis na Sales, Bishop na Jeniba, ya amsa wannan cikin littafin da ya wallafa a 1609 domin masu bi na gida da kasuwa. Ya lura cewa mukan yi fushi, sa'an nan mu yi fushi da kanmu don mun yi fushi, zuciya ta ƙara dagulewa. Ya koyar da cewa tushen wannan zafi girman kai ne: muna mamakin ganin kanmu a ƙasa, domin mun ɗauka mun fi ƙarfin faɗuwa. Ya ce mu tsauta wa zuciyarmu yadda uba mai hankali yake yi wa ɗansa, gama faɗa cikin taushi ya fi tsawa gyara yaro. Mai zagin kansa dare da rana ba ya samun ƙarfin gyara. Hannunka, in ji Hausawa, ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Saboda haka, in mun faɗi, mu kira laifinmu da sunansa, kada mu rage, kada mu ƙara. In zunubi ne, mu kai shi gaban Fada cikin sakramentin tuba, mu biya wanda muka cuta, kada kuma mu sake tono abin da Allah ya gafarta. In kasawa ce kawai, kamar ta ɗalibi ko ta ɗan kasuwa, mu gaya wa kanmu abin da za mu gaya wa ƙaninmu in shi ne ya faɗi. In baƙin ciki ya kai ga tunanin hallaka kai, kada mu yi shiru: mu nemi Fada, ko katikis, ko likita a ranar.

An umarce mu mu ƙaunaci maƙwabcinmu kamar kanmu. Wanda bai koyi yi wa kansa jinƙai ba, da wuya ya yi wa matarsa da 'ya'yansa. Waliyyi Bitrus, ka yi addu'a dominmu.