Rabon Tsuntsu a Bishiyar Lemo

Mai dasa lemon zaƙi ko lemon tsami a tsakar gida yakan ɗauki abin da tsuntsu da jemage suka ci a matsayin asara, alhali hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Anas ɗan Malik ya mai da cin mutum da tsuntsu da dabba daga shukar Musulmi sadaka ga mai shukar. Wahalar mas'alar tana wajen niyya, wato ƙudurin zuciya da ake auna aiki da shi, domin mai lambu bai nufi ciyar da tsutsar malam-buɗe-littafi da ke cinye ganyen dashensa ba, sau da yawa ma feshi yake yi mata. Ruwayar Jabir a Muslim ta haɗa har da abin da aka sace, wanda ke nuna cewa ladan yana rataye da dasawar kanta, ko da mai ita bai so rabon ba. Game da sadakar wajibi kuwa, a mazhabar Malikiyya babu zakka a lemo, saboda ba abincin da ake adanawa ba ne, saɓanin Abu Hanifa da ya wajabta ta.