Yaushe Za Ka Ajiye Hauya?

Ya ɗan'uwana mai karatu, bari in tambaye ka. A cikin shekarar nan, wace rana ce ka huta?

A zamanin iyayenmu, in hatsi ya shiga rumbu, manomi ya kan sami sarari. Ya gyara danni, ya ziyarci dangi, ya zauna da 'ya'yansa. Yanzu a ƙasar Matamaye da Kance babu wannan. Dami na ƙarshe bai gama hawa amalanke ba, ka gangara fadama wajen rake da albasa. Wanda ba shi da garka ya ɗauki jaka sai ci rani, Kano ko Agadas, har Libiya. Ruwan fari na sauka ya dawo a rame, ya ɗauki hauya.

Ka san abin da ke biyo baya. Ka kwanta a gajiye, barci ya ƙi zuwa. Yaro ya yi ƙaramin laifi, ka hau shi da faɗa. Gonar da ka ke so a dā, yanzu ganinta ma ɓacin rai ne. A majami'a kuwa, kafin a gama karatu kana gyangyaɗi. Waɗansu su ce lalaci ne, waɗansu su ce an yi maka sammu. Ba ko ɗaya. Gajiya ce ta taru har ta kai zuciya. Likitoci ma sun san ta. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka ba da lissafi cewa a shekarar 2016 mutum 745,000 sun mutu da ciwon zuciya da shanyewar jiki saboda aikin awa 55 ko fiye a mako. Kai da ka ke awa 10 kullum, kwana 7, awa 70 ke nan ka yi.

Buɗe Littafi Mai Tsarki, Fitowa 34:21. A nan Ubangiji ya ba mutum kwana shida na aiki, na bakwai na hutu. Amma bai tsaya nan ba. Ya kira sunan lokatai biyu, na noma da na girbi, ya ce su ma dokar ta shafe su. Me ya sa ya zaɓi waɗannan? Domin ya san manomi. Ya san hujjarka tun ba ka buɗe baki ba.

Za ka ce mini, “Dattijo, damina ba ta jiran kowa. In ruwan shuka ya sauko daren Asabar fa?” Tambaya ce ta gaskiya, ni kuwa ba zan kai mutum gaban ikilisiya domin ya yi shuka da laima kafin ta tsere ba. Yesu kansa a Luka 14:5 ya nuna ba a barin sa cikin rijiya don ranar hutu ce. Amma maimai ba rijiya ba ce. Ciyawa za ta jira ka har Litinin. In kuwa sanka na faɗawa rijiya kowace Lahadi, to, rijiyar nan murfi ta ke so.

Abin da ke hana mu hutu, in mun faɗi gaskiya, tsoro ne. Ban raina tsoron nan ba. Wanda ya ga yunwar 1973 da ta 1984, ya kuma ga 2005 lokacin da mata ke kai yara ramammu wuraren ba da abinci a Damagaram da Maraɗi, ba zai yi wasa da rumbu ba. Amma ka tuna da Isra'ilawa a jeji, Fitowa sura 16. Su ko gona ba su da ita. Wanda ya ɓoye manna don gobe, ta yi tsutsa. Ran shida Allah ya ba su rabon kwana biyu, bai lalace ba. Waɗanda suka fita nema ran bakwai suka dawo hannu wofi. Hauyarka ba ta taɓa saukar da ko ɗigon ruwa ba. Ranar da ka ajiye ta, kana shaida gaban iyalinka da maƙwabtanka cewa ka san wanda ke ciyad da kai.

Dubi gonarka ma. Kakanninmu su kan bar saura ta huta. Mutane suka yi yawa, gonaki suka tsuke, aka daina, ƙasa ta gaji. Wajen 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya fara roƙon manoma su bar kututture su toho, su rage rassa kawai, abin da mu ke kira sassabin zamani. Da fari mutane sun ji tsoro itace zai cinye musu wurin hatsi. Yau kuwa ka bi hanyar Matamaye zuwa Magarya ka ga gawo cikin gonaki, ka ga inda hatsi ya fi kyau. Gawon nan da damina, sa'ad da kowane itace ke fama, shi ya kan zubar da ganye ya yi shiru. Da rani sai ga shi kore, yana ba dabbobi abinci, yana ba mutum inuwa. Wanda ya tsara wa itace lokacin hutu, kana tsammani ya manta da kai?

Yanzu ga maganar da maza ba su son ji. Ka ce kana kiyaye Lahadi. Madalla. Wa ya tashi da asuba ya yi daka? Wa ya je rijiya, ya hura wuta, ya wanke yara, ya iso sujada a makare, kai kuwa ka harare shi? Uwar gidanka ce. A Maimaitawar Shari'a 5:14 Allah ya lissafa waɗanda za su huta tare da mai gida, har bawa da baiwa, har sa da jaki. Jakinka yana ɗaure a inuwa yana cin harawa, matarka kuwa tana bakin turmi. Hutun da ka ɗora a bayan wani, Allah bai karɓe shi ba. Ku kuma dattawa 'yan'uwana, fastonku yana noma kamar kowa, ya yi wa'azi, ya yi jana'iza, ya raba faɗa da dare. Yetro ya ga Musa a irin wannan hali, ya gargaɗe shi zai ƙare ƙarfinsa, ya sa shi raba aiki. Ku karanta Fitowa 18 a taronku na gaba.

In kuwa ka riga ka kai inda ba ka son kome, har kana cewa gara mutuwa, kada ka ɓoye. Annabi Iliya ya kai nan, 1 Sarakuna 19. Allah bai fara da tsawatarwa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da abinci da ruwa har sau biyu, daga baya ya yi magana da shi. Faɗa wa fasto ko wani amintacce, ka je likita a auna jininka. Ka kuma kai kayanka wurin Yesu, wanda a Matiyu 11:28 ya kira masu gajiya ya yi musu alkawarin hutu. Bai ce sai ka gama aiki tukuna ba. Aikin ceto ya riga ya gama shi a kan gicciye.

Asabar mai zuwa da la'asar, ka sa samari su ɗaura amalanke su cika randuna da ruwan kwana biyu. Ka ba da kuɗin niƙa a kai hatsi inji. Itacen gobe kuwa, kai da kanka ka faskara shi.