Gori a Gidan da Aka Ceto Rai

Ranar da aka sallamo matashi daga asibiti bayan ya yi yunƙurin kashe kansa, gida yakan cika. 'Yan dubiya na shigowa da lemo da ayaba, ana ta barka da arziki, uwa tana amsa gaisuwa da kumburarrun idanu. Bayan mako biyu ƙafa ta ɗauke, kowa ya koma sabgarsa. A nan ne ainihin jinyar take farawa, a nan ne kuma wani mugun hali da muka raina yake samun ƙofa, wato gori.

Ba da hargowa yake shigowa ba. A ce yarinya ce 'yar shekara 16, ta dawo gida, ta fara ɗan cin abinci, har ta koma taya aikin tsakar gida. Wata rana kwano ya suɓuce mata, miya ta zube. Yayarta ta ɗago kai ta ce, "Kar wanda ya yi mata faɗa fa, yanzu sai ta sake tayar mana da hankali." Aka ɗan yi dariya, aka ci gaba da hira. Ita kuwa ta tsuguna tana kwashe miyar da hannu, ba ta ce uffan ba, da dare kuma ba ta fito cin tuwo ba. Wata ran uba ne zai zauna yana lissafi a gabanta: "Kuɗin makarantar ƙannenki ke nan muka zubar a asibiti." Wata ran gwaggo ce: "To yanzu wa zai zo neman aure a gidan nan?"

Ba na raina ciwon da ke bayan waɗannan kalamai. Abin da ya faru bai tsaya a kan yarinyar kaɗai ba. Uwa ta daina barci, cikin dare takan tashi ta leƙa ɗaki tana kasa kunne ko za ta ji numfashi. Uba tsoro ne ya cika masa ciki, amma ba a koya masa yadda magidanci yake nuna tsoro ba, sai abin ya fito masa a fushi. Ƙanne ba wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani, a bakin yaran unguwa suka tsinci labarin. Ga bashi. A gidan da ake zaman kishi kuwa, zancen yakan koma makami, a riƙa cewa tarbiyyar ɗakin wance ce ta jawo. Duk wannan gaskiya ne, kuma mai ɗaci ne. Sai dai zafin da babba yake ji bai ba shi izinin sauke shi a kan wadda ta fi kowa rauni a gidan ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ne ke kashe kansu duk shekara, kuma wannan yana cikin manyan abubuwan da ke ɗaukar ran 'yan shekara 15 zuwa 29. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin cewa wanda ya taɓa yunƙurin yana cikin hatsarin sakewa, musamman a watannin farko bayan sallama. Sun kuma san wani abu mai sanyaya rai: kusan 9 cikin 10 na waɗanda suka tsira ba ta wannan hanyar suke barin duniya ba, sukan rayu, su yi karatu, su yi aure. Da yawa daga cikin waɗanda suka kai wannan gaɓar, tunanin da ya kai su shi ne cewa sun zama kaya, gidan zai fi samun sauƙi idan babu su. Ciwon damuwa ne yake raya musu wannan ƙaryar. Mai gori kuwa, ko ya sani ko bai sani ba, shaida yake ba ƙaryar, kuma daga bakin da yaron ya fi yarda da shi. Magana zarar bunu ce.

Wasu za su ce ai don ya ji tsoro ne kar ya ƙara, kuma abin da ya yi haramun ne. Haramcin ba abin musu ba ne. Amma addinin da ya hana kashe kai shi ne ya hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabobi a aya ta 11 ta Suratul Hujurat. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, 'yan'uwansa suka jefa shi rijiya. Da suka tsaya gabansa a Masar yana da iko suna neman abinci, bai goranta musu ba. To ina ga yaron da ba kowa ya cuta ba sai kansa, cikin halin ciwo?

Akwai abin da ke ƙara wa gidaje ɓoyo. Dokar Penal Code da Arewa ta fara aiki da ita a 1960 ta sanya wannan yunƙuri cikin laifuffuka a sashe na 231, da ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 1. Ghana ta cire irin wannan hukunci a 2023. Inda tsoron hukuma ya haɗu da tsoron bakin duniya, sai a ce wa baƙi zazzaɓi ne, a ƙi komawa wurin likita, amma a cikin gida a ci gaba da tuna wa yaron kullum. An rufa asiri a waje, an tona shi a ɗaki.

Barin gori ba ya nufin a yi gum kamar ba abin da ya faru. A samu mutum guda da yarinyar ta saki jiki da shi, ya tambaye ta kai tsaye ko tunanin yana dawo mata, domin tambayar ba ta cusa wa kowa tunanin, sauƙi take kawowa. Idan ta amsa, a saurara har ta kai aya, ban da wa'azi a tsakiyar maganarta. A kawar da abubuwa masu hatsari daga gida ba tare da shela ba, magungunanta su zauna a hannun babba. Ranar komawa asibiti kada a ɗaga ta don an ga ta fara dariya. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ga Dawanau a Kano, kuma zuwa can bai hana addu'a da sadaka ba.

Iyaye ma suna bukatar inda za su sauke nasu kayan. Uba ya faɗa wa amininsa ko limaminsa, uwa ta yi kukanta a wurin 'yar'uwarta, su tambayi likita abin da ya shige musu duhu. Ƙanne a yi musu bayani daidai hankalinsu, cewa yayarsu ba ta da lafiya ne kuma ana yi mata magani. Sannan maigida ya tara gidan ya faɗa sau ɗaya da babbar murya cewa ba ya son ya sake jin kowa ya jefe ta da wannan zancen, ko cikin wasa ko cikin faɗa. Idan gwaggo ta zo ta fara, ya bari sai ya rako ta zaure, ya ce, "Yaya, don Allah wannan maganar kada ki ƙara yin ta a gaban yarinyar nan."